Alhaji ya ce bai ga kamfaninsa a saman Google ba, me zan ce masa?

Wani ƙanenmu a wannan sana'a ya rubuto mini daga Kano. Ya ce ya karɓi aikin wani Alhaji mai kamfanin kayan ɗaki, gadaje da kujeru da durowoyi, a kan zai gyara masa shafinsa na intanet ya riƙa fitowa idan an yi bincike a Google. Biyan wata-wata suka shirya. Yau wata uku ke nan, sai Alhaji ya kira shi rai a ɓace, ya ce ya duba a wayarsa bai ga kamfaninsa a sama ba, don haka ko dai ya gan shi na ɗaya kafin ƙarshen wata, ko a dawo masa da kuɗinsa. Ƙanen namu ya ce shi dai ya yi aiki tsakaninsa da Allah, kuma ranar ciniki abin da ya faɗa kawai shi ne, "In sha Allahu za ka hau shafin farko." Yana tambaya me zai ce wa Alhaji yanzu, kuma yaya zai yi kada irin wannan ta sake haɗa shi da wani kwastoman.

Ƙanena, zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Rigimar nan ba a wannan makon ta fara ba, ranar da kuka yi ciniki aka haife ta. Kai da ka ce in sha Allahu, a ranka ka bar wa kanka ƙofar fita. Shi kuwa Alhaji ɗan kasuwa ne. Idan dillali ya ce masa in sha Allahu kaya za su sauka ranar Laraba, ranar Laraba yake tura mota. Alkawari ya ji, kuma a kan alkawarin ya zaro kuɗi. Cinikin biri a sama kuka yi: ka sayar masa da matsayi a Google, alhali matsayin ba a hannunka yake ba. Google da kansa, a shafin da ya tanada don masu neman ɗaukar ƙwararren SEO, wato aikin gyara shafi don ya riƙa fitowa a sakamakon bincike, ya faɗa ƙarara cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin zama na ɗaya, har ya ja kunnen mutane game da masu yin irin wannan alkawari da masu cewa suna da wata alaƙa ta musamman da kamfanin. Abin da ke hannunka shi ne aikin: gyaran shafi, rubutu, saurin buɗewa a waya, rajistar shago a taswirar Google, bin diddigin lambobi. Wannan za ka iya rantsuwa a kansa, ka sa masa rana. Inda shafin zai tsaya kuwa, akwai hannun Google a ciki, akwai hannun abokan gasa, akwai hannun shi Alhajin kansa.

Kafin komai, duk kwastoman da ya zo maka, ka fara raba masa abu biyu da yawancinsu ke haɗawa wuri ɗaya. Akwai talla ta biya, wato Google Ads, wadda ke fitowa a can sama da alamar cewa talla ce. Akwai kuma sakamakon bincike na asali da ke biye da ita, wanda ba a sayensa da kuɗi. Ni yadda nake yi wa 'yan kasuwa bayani shi ne: talla hayar rumfa ce a bakin titi. Yau ka biya, yau ka kasa kaya, ranar da ka daina biya kuma ka kwashe. SEO kuwa dashen mangwaro ne a filinka, ba ka shan 'ya'yansa a shekarar da ka dasa kamar yadda ake cin alayyafo, amma idan ya kama, ba kullum kake biyan kuɗin inuwa ba. Ka kuma gaya masa tun wuri cewa kashe kuɗi a talla ba ya ɗaga shafi a sakamakon asali, domin wasu suna zaton idan suka zuba wa Google kuɗi zai yi musu alfarma a ɗaya ɓangaren. Ba ya yi. Da ka yi wa Alhaji wannan bayani ran farko, da wataƙila shi da kansa zai ce talla yake so, tunda gaggawa yake yi.

Sai maganar lokaci. A shekarar 2017 wata ma'aikaciyar Google mai suna Maile Ohye ta fitar da bidiyo kan yadda ake ɗaukar mai SEO, inda ta ce a mafi yawan lokuta ana bukatar wata huɗu zuwa shekara guda kafin a aiwatar da gyare-gyare a kuma fara ganin amfaninsu. Ka ga ke nan a wata uku ba ka ma kai bakin layin ba. Amma kada ka tsaya a cewa "Google ne ya faɗa". Ka fahimtar da shi dalili, don ɗan kasuwa yana haƙuri da jinkirin da ya gane sababinsa. Idan ka gyara shafi yau, sai manhajar Google mai zagayawa ta sake biyowa ta kansa, kuma ƙaramin shafin da ba a cika sabunta shi ba, ba kullum take leƙa shi ba. Bayan ta karanta, sai an shigar da shi rumbun da Google ke tara shafuka, sannan a auna shi da sauran shafukan da ke neman gurbi ɗaya, waɗansunsu sun shekara goma suna tara suna da linki, wato mahaɗin da ake dannawa a iso gare su daga wasu shafuka. Sabon shafi kamar baƙon da ya kama rumfa a Kantin Kwari ne jiya. Kayansa na iya fin na kowa kyau, amma ba a san shi ba tukuna, ba wanda zai nuna wa mai saye ƙofarsa.

Ni ba na ce wa kwastoma "wata shida" in yi shiru, domin kunnensa zai riƙe ranar, kamar bashi. Nakan yanka masa tafiyar gunduwa-gunduwa. Watan farko da na biyu gyara ne, ba za ka ga ciniki ya motsa ba, abin da za ka gani shi ne jerin abin da aka gyara. Daga nan sai shafin ya fara bayyana a bincike sau da yawa, ko da ba a danna shi sosai. Dannawa na biyo baya, kiran waya da saƙonni su biyo bayan dannawa. Idan ya san jerin, to a wata na uku da ya ga bayyana ta ƙaru amma waya ba ta fara ƙara ba, zai san inda muke a hanya maimakon ya ga kamar an ci kuɗinsa.

Yanzu mu zo kan wayar Alhaji, don a nan yawancin rigimarmu take. Ya ce bai ga kansa na ɗaya ba. Na ɗaya a wace kalma? A ina yake tsaye lokacin da ya duba? Babu wani allo guda da aka kafe inda kowa ke ganin jeri iri ɗaya. Wanda ke Hotoro da wanda ke Kabuga, idan suka nemi shagon kayan ɗaki a minti ɗaya, ba lallai taswira ta jero musu shaguna iri ɗaya ba. Google ya bayyana cewa sakamakon kusa-da-kai abu uku yake dubawa: dacewa da abin da aka nema, nisa, da shahara. Biyu daga ciki za ka iya yi musu aiki. Nisa kuwa, sai dai idan Alhaji zai ɗauke kamfanin ya kai shi ƙofar gidan kowane mai bincike. Ga bambancin waya da kwamfuta, ga harshen da aka saita, ga talla da taswira da hotuna da ke cika fuskar waya kafin a kai ga sakamakon farko. Tun daga watan Mayun 2024 kuma Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman wasu bincike, ya fara a Amurka, ya faɗaɗa zuwa ƙasashe fiye da 100 kafin shekarar ta ƙare. Mutum na iya zama na ɗaya a yau amma sai an gungura ƙasa kafin a gan shi.

Wani abin kuma, kalmar da masu kamfani ke gwada kansu da ita kusan kullum ita ce mafi faɗi, mafi wuya, mafi ƙarancin ciniki. Kalma guda tal ta Turanci mai nufin kayan ɗaki, wadda manyan kantunan intanet da shafukan tallan kaya suka riga suka mamaye. Wanda ya rubuta ta wataƙila hoto kawai yake son gani. Wanda kuwa ya rubuta yana neman farashin saitin gadon amarya a Kano, wannan da kuɗi a aljihunsa yake bincike, biki ya matso. Google ya sha faɗa cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na binciken da ake yi masa kullum sababbi ne, bai taɓa ganin irinsu ba. To wanda ya rataye darajar aikinsa a kan kalma ɗaya ya rufe ido ga ɗaruruwan ƙananan hanyoyin da masu saye ke bi su iso.

Saboda haka ma'aunin da za ku yi yarjejeniya a kansa ya zama wanda Alhaji ke ganewa a aljihunsa: kira nawa, saƙon WhatsApp nawa, mutum nawa suka nemi kwatancen shago a taswira. A nan zan ba ka labarin kuskurena. Farkon shigata sana'ar na yi wa wata makaranta mai zaman kanta aiki kusan wata takwas. Masu ziyartar shafin sun ƙaru, ina ta murna ina tura hotunan jadawali. Ranar sabunta kwangila mai makarantar ya dube ni ya ce, "Malam, ɗalibi nawa ka kawo mini?" Na rasa ta cewa. Ban rubuta yadda abubuwa suke kafin in fara ba, ban sa a riƙa tambayar iyaye a ina suka ji labarin makarantar ba, lambar wayar da ke shafin kuma ita ce dai ke jikin allon bakin titi da takardun talla. Na tabbata aikin ya kawo mutane, amma ba ni da shaida, kuma shi ma bai yi ƙarya ba da ya ce bai gani ba. Aikin ya kuɓuce mini, kuma laifina ne.

Tun daga ranar ba na taɓa shafin kowa sai na ɗauki hoton halin da na same shi. Search Console, manhajar Google da ke nuna yadda shafi ke fitowa a bincike, yana ajiye bayanan watanni 16, don haka idan an riga an haɗa shi, ka sauke su: sau nawa shafin ya bayyana, sau nawa aka danna, da waɗanne kalmomi. Ka lura cewa Analytics, manhajar Google mai ƙidaya masu ziyartar shafi, ba zai ba ka kalmomin ba, tun 2011 Google ya fara ɓoye su a can, shi ya sa Search Console ya zama dole. Ka duba Google Business Profile, wato rajistar shagon a taswirar Google, ka rubuta adadin kira da neman kwatance. A kasuwarmu ciniki ba a kan shafi yake ƙarewa ba, a WhatsApp yake ƙarewa ko a bakin shago, don haka ka sa maɓallin WhatsApp da rubutaccen saƙon farko wanda zai nuna daga shafi mutum ya fito, ko ka sa Alhaji ya ware layi guda na shafin kaɗai. Ka saya wa yaron shago littafi mai bango, duk baƙon fuskar da ya shigo a tambaye shi a ina ya ji labari. Wannan littafin ya ceci kwangiloli fiye da duk wata manhaja mai tsada da na taɓa biya.

Idan talla ce ta biya, ku zauna ku yi lissafi da biro kafin a kashe ko kwabo. Misali kawai zan ba ka, lambobin naku za su bambanta. A ce Alhaji ya ware naira 300,000 a wata, kowace dannawa a kan tallar ta tashi a naira 150. Dannawa 2,000 ke nan. A ce biyu cikin kowane ɗari suka turo saƙo, mutum 40. A ce ɗaya cikin huɗu ya saya, mutum 10. Kowane mai saye ya ci naira 30,000. Ga mai sayar da saitin ɗaki da ribarsa ta haura dubu ɗari, wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai sayar da kwalbar turare da ribar dubu biyu, asara ce tsagwaronta, kuma gara ya sani yau. Ka kuma gargaɗe shi kan abubuwa biyu da ke tayar wa sababbi hankali. Na farko, gwanjo ake yi duk lokacin da aka yi bincike, farashin dannawa ba tsayayye ba ne, yana hawa idan abokan gasa suka shigo. Na biyu, Google na iya kashe har ninki biyu na kasafin rana a wata ranar, sai dai a wata ba zai caje shi fiye da kasafin ranar sau 30.4 ba. Idan ba ka faɗa masa ba, ranar da ya ga dubu ashirin ta fita a maimakon dubu goma, kai zai fara zargi.

Akwai wata gaskiya da ta shafi kasuwarmu wadda littattafan SEO na waje ba za su gaya maka ba. Wani lokaci matsalar ba matsayi ba ce, masu binciken ne ba su da yawa. Mutanenmu da dama a Facebook da Instagram da TikTok suke ganin kaya, ko a status ɗin WhatsApp na wata 'yar uwa, ba sa shiga Google neman gado. Waɗanda ke shiga kuma, wani da Turanci yake rubutawa, wani da Hausa ba ƙugiya, ya rubuta "daki" yana nufin "ɗaki", wani ya gauraya su biyun a jimla ɗaya. Ka duba Keyword Planner da Google Trends, manhajojin Google da ke nuna yawan neman kalma, kafin ka yi baki. Idan ka ga kalmar da ƙyar ake nemanta a wata, ka faɗa wa kwastoma cewa ko ya zama na ɗaya, rijiyar ce ba ta da ruwa sosai. Ka kuma kula da kaka. Kayan ɗaki suna tafiya da lokacin bukukuwa, ɗinki da atamfa suna tashi gab da sallah, makarantu kuma gab da sabon zango. Idan ka kwatanta watan kasuwa da watan da ya biyo bayansa za ka ga faɗuwar da ba laifinka ba ce, idan ka kwatanta akasin haka za ka yi alfahari da hawan da ba aikinka ba ne. Bana da bara ake kwatantawa, kuma tunda azumi da sallah suna matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara, kaka da kaka za ka jera, ba sunan wata da sunan wata ba.

Shi ma kwastoma yana da nasa kason aikin, kuma dole a rubuta shi. Hotunan kaya na gaske, ba waɗanda aka kwaso daga intanet ba. Farashi, ko aƙalla daga nawa zuwa nawa. Amincewa da rubutu cikin kwanaki, ba makonni ba. Roƙon waɗanda suka saya su bar sharhi a taswira. Sama da duka, amsa waya. Na taɓa bin sawun wani aiki da ake cewa bai kawo komai ba, sai na tarar saƙonni jibge a wayar shago, wasu sun kwana huɗu ba a buɗe ba, wayar tana hannun yaron da aka aika Legas ɗauko kaya. Kai za ka iya kawo mutum ƙofar shago, amma ba kai za ka yi masa sannu da zuwa ba. Ka sa a takarda cewa duk jinkirin da ya fito daga ɓangarensu yana tura ranakun gaba.

Ka kuma shirya shi tun wuri cewa wata rana lambobi za su faɗi ba tare da kowa ya yi laifi ba. Google na yin babban garambawul ga tsarinsa sau da dama a shekara. Wanda aka kira Panda a Fabrairun 2011 ya kayar da shafuka masu rubutun cika-wuri. Penguin a Afrilun 2012 ya bi masu linkin bogi. Garambawul ɗin Maris 2024 kwana 45 ya ɗauka kafin ya kammala, kuma a irin wannan tsakani shafi na iya hawa yau ya sauka jibi. Ƙa'idata a nan guda ce: mugun labari daga bakina kwastoma zai fara jin sa. Idan na ga faɗuwa ranar Litinin, ranar Litinin nake kira, in ce ga abin da na gani, ga abin da nake zato, ba zan taɓa komai ba sai ƙurar ta lafa, ranar kaza zan dawo da bayani. Mutum yana yafe faɗuwa. Abin da ba ya yafewa shi ne ya gano da kansa, sannan ya gane ka sani ka yi shiru.

Matsin da Alhaji ke yi maka yanzu shi ne ainihin abin da ke tura irinmu ga hanyar ɓarayi, don haka ka yi hattara a wannan watan. Za ka ga masu tallan linki dubu a kan 'yan kuɗi kaɗan, zuciya ta ce ka saya ka huce masa rai. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J.C. Penney na Amurka ya mamaye matsayi na ɗaya a kalmomi masu yawa ta hanyar dubban linki daga shafukan da ba su da alaƙa da kayansa. Google ya hukunta shi da hannu. A kalmar kayan falo, irin kayan Alhajinka sak, daga na 1 ya koma na 68 cikin sa'o'i. Kantin ya ce bai san da zancen ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa SEO. Kafin nan, a 2006, Google ya cire shafin BMW na Jamus daga rumbunsa na ɗan lokaci saboda shafukan yaudara. Waɗannan suna da lauyoyi da suna, sun farfaɗo. Kamfanin gadaje na Kano idan ya faɗa wannan rami, babu mai jin kukansa, kuma sunanka ne zai zagaya kasuwa.

Rahoton wata kuwa, shafi ɗaya ya isa. Abin da muka yi, abin da lambobi suka nuna idan aka kwatanta da ranar farko, abin da za mu yi a wata mai zuwa, abin da muke jira daga wurinku. Yawancin Alhazan da na yi wa aiki ba sa buɗe takarda mai shafi ashirin, amma suna sauraron saƙon murya na minti uku bayan la'asar. Ka tura duka biyun, takardar don ajiya, muryar don fahimta.

Wasu za su ce maka a yi biya bisa sakamako, sai sun hau su biya. Ni ba na karɓa idan matsayi ne ma'aunin, domin hakan na sa mai aiki ya zaɓi kalmomin da ba wanda ke nema, ya hau su cikin mako biyu, ya miƙa hannu. Ko sunan kamfanin kansa ma wasu ke nunawa su ce ga shi na ɗaya, alhali dama can shi ne. Idan ana son haɗa lada da sakamako, a tsayar da kuɗin aiki na wata, a ɗora ƙarin la'ada a kan saƙonnin masu saye da aka tabbatar. Wanda kuma ya kafe sai ka rantse masa da na ɗaya cikin wata guda, ka yi masa godiya ka tashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To, shi wannan Alhajin fa? Kada ka yi maganar a waya. Ka nemi ya ba ka lokaci ka je ofishinsa da kwamfutarka. Ka fara da naka laifin, ba tare da kwana-kwana ba: "Ranka ya daɗe, ranar da muka yi ciniki na yi maganar da ta fi ƙarfina. Shafin farko ba a hannuna yake ba, bai kamata in bari ka tafi da wannan fahimtar ba." Dattijo yana jin nauyin wanda ya amsa kuskurensa a gabansa, kuma wannan jimlar za ta sauke rabin zafin. Kada ka ce "ai ban yi alkawari ba", ko da a zahirin lafazi kana da gaskiya, don zai ji kamar kana mai da shi wanda ba ya fahimtar magana.

Daga nan ka buɗe Search Console a gabansa, ka nuna masa wata ukun nan kusa da wata ukun da suka gabace su. Ka nuna masa ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinsa ya bayyana, domin ganin jimlar wani mai neman gadon amarya yana taɓa ɗan kasuwa fiye da kowane jadawali. Ka jero abin da ka gyara. Idan lambobin sun motsa, ka ba shi zaɓi: a ci gaba wata uku a kan sabon ma'auni na kira da saƙonni, a rubuce, da ranar da za ku zauna ku yanke hukunci, ko kuma a karkatar da wani kaso na kuɗin zuwa talla ta biya a kan kalmomi kaɗan masu ciniki, don waya ta fara ƙara yayin da mangwaron ke girma. Idan kuwa ka buɗe ka ga babu abin da ya motsa ko kaɗan, ko bayyana ba ta ƙaru ba, to akwai abin da ya toshe, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka ba shi wata guda kyauta ka gano matsalar, ka fara da duba ko shafukan ma sun shiga rumbun Google.

Maganar mayar da kuɗi, ni a ganina ba a mayar da ladan aikin da aka yi aka kuma nuna shi. Amma tunda bakinka ya taimaka wajen ruɗanin, idan ya dage sai an rabu, rangwamen kuɗin wata guda bai yi yawa ba. Ka miƙa masa duk makullansa a ranar: sunan shafin, wurin ajiyarsa, Search Console, Business Profile, asusun talla, kowanne a kan imel ɗin kamfaninsa, ba naka ba. Ka haɗa masa da takarda guda mai ɗauke da abin da aka gama da abin da ya rage, yadda duk wanda ya ɗauka bayanka zai ɗora daga inda ka tsaya. Ka sa yaronsa ya shiga kowane asusu a gabanka ya canza kalmar sirri kafin ka tashi.